Kwamfutar Zaurena da Shanun Ardo

Shekarun baya, tun waya mai ɗaukar hoto ba ta gama shiga hannun kowa ba, na yi wata dabara da na ɗauka babu mai irinta a duk Dutsin-Ma. Shekaranjiya wani daga cikinku, 'yan wannan dandali namu, ya tambaye ni ko zai iya ajiye shafin kasuwancinsa na intanet a kwamfutar gida, ya huta da biyan kamfani haya. Na ce masa ya dakata in ba da labarin a nan kowa ya ji, don ni na taɓa yi, kuma na ga inda abin ya kai ni.

Ni dillalin dabbobi ne. Ban gaji sana'ar ba, mahaifina manomi ne har ya koma ga Allah. A shekarun tamanin na fara, da akuya biyu a kasuwar Kurfi, ina jan igiya da hannuna. Daga awaki na koma tumaki, daga tumaki na koma shanu, har na kai ina loda tirela zuwa Kudu. Karatun bokona bai wuce firamare ba, amma tun farko na riƙe ƙa'ida guda: duk abin da zan iya yi da kaina, ba na biyan wani ya yi mini. Wannan ƙa'idar ce ta gina mini gida. Ita ce kuma ta kusa rushe mini abin da ya fi gidan daraja.

Akwai wani Ardo, shugaban wasu rugage a bayan Birchi, wanda kusan rabin shanun da nake sayarwa daga hannunsa da na mutanensa suke fitowa. Mun saba tun wata shekara da aka yi fari, ina saurayi, na yi ta nemo masa dusa da harawa a lokacin da mai kuɗi ma ba ya samu. Daga nan ya yarda in riƙa zuwa har rugarsa, abin da ba ya yi wa kowane ɗan gari. Rugar tana bayan wani dutse, idan kana kan hanya ba za ka taɓa cewa akwai mutane a wurin ba. Ranar da ya fara kai ni ya gindaya mini sharaɗi biyu: kada in zo da baƙo, kada kuma in ƙirga masa shanu. Wanda ya zauna da Fulani ya san wannan. Ba a tambayar makiyayi shanunsa nawa, shi ma ba ya faɗa, ko ga ɗan'uwansa. Na ce na ji, na yarda. Shekara ashirin da wani abu muna tare, ko musu bai taɓa haɗa mu ba.

To sai zamani ya juya. Masu sayen shanuna na Legas da Fatakwal suka fara cewa suna so su ga dabba kafin a ɗora ta a mota. Ina da wani aboki mai shagon kwamfuta a bakin titi, mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma ta Katsinawa. Injiniya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Alhaji. Shi ya haɗa mini shafi a intanet: hoton bijimi, shekarunsa, lambar wayata a ƙasa. Abin ya karɓu ƙwarai. Mutum yana zaune a ofishinsa a Legas zai kira ya ce, "Farin nan mai dogon ƙaho nake so."

Da shekara ta zagayo, Injiniya ya aiko in zo a biya haya.

Na ce, "Hayar mi?"

Ya ce, "Hayar wurin da shafinka yake zaune."

"Shafin ƙafafu gare shi da zai zauna?"

Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, akwai wata kwamfuta a ƙasar waje da ba a kashe ta dare da rana. A cikinta hotunanka suke. Duk wanda ya buɗe shafinka, daga cikinta yake gani. Masu ita ake biya duk shekara."

Na ce, "Kwamfuta dai? Irin wagga da ke gabanka?"

"Ta fi wannan ƙarfi, amma i, kwamfuta ce."

Na gyara zama. Na ce, "Injiniya, kana nufin ni da nake da gida mai ɗaki bakwai, ina biyan hayar ɗaki a ƙasar da ban taɓa zuwa ba? Ba za a iya aje abin nan a zaurena ba?"

Na ga ya san amsa amma ba ya son bayarwa. Can ya ce za a iya, amma akwai wahala. Wuta ba za ta ɗauke mata ba ko na minti ɗaya. Zafi ba zai yi mata yawa ba. Intanet ba zai yanke ba. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Na ƙarshe kuma, Alhaji, kwamfutar nan aikinta ɗaya ne. Kada ka sa komai naka a ciki in ban da abin da kake so duniya ta gani."

Na ce, "Na ji." Gaskiya ban ji ba. Hankalina yana kan kuɗin hayar da zan daina biya.

Cikin sati biyu aka gama. Na sayi kwamfuta ta gwanjo, na sa sola a kan rufi, na jera batira huɗu. Injiniya ya kafa wata 'yar eriya a saman gidana tana kallon dogon ƙarfen da ke shagonsa, ta nan intanet ke zuwa. Ƙaramin ɗakin da ke jikin zaure, inda da nake ajiye igiyoyi da buhunan gishirin dabbobi, shi aka share aka sa ta, aka kunna mata fanka. Matata ta leƙo ta gani ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Ikon Allah. Ƙarfe ya samu fanka dare da rana, mu masu rai muna fama da mafici. Alhaji, in ta yi atishawa a kira mu mu zo sannu."

Tun daga ranar ta sa mata suna majinyaciya. In wuta ta yi ƙasa sai ta ce, "Je ka duba majinyaciyarka."

Kuma abin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Fiye da shekara shafin yana tafiya daga ɗakin nan. In na yi baƙi sai in kai su ƙofar ɗakin in nuna musu 'yar fitilar da ke ƙyaftawa in ce, "Kun ga wannan? Yanzu haka wani mutumin Legas yana cikin ɗakin nan yana kallon shanuna." Su yi ta mamaki, ni kuma ina hura hanci. Ban san gaskiya nake faɗa fiye da yadda nake zato ba.

Ga inda na yi ɓarnar. Injiniya ya koya mini yadda zan sa sabon hoto da kaina. Akwai wata folda, wato ma'ajiyar hotuna a cikin kwamfutar, sai in zuba hoton a ciki, sannan in je in liƙa shi a fuskar shafin. Da na saba, sai na lura da wani abu: hoton da na zuba a foldar amma ban liƙa a fuskar shafi ba, ba ya fitowa in an buɗe. Na gwada a wayar wani abokina, babu shi. Sai na ce a raina, ashe ciki rumbu ne, fuskar shafi ce kawai kasuwa.

A lokacin kyamarata ta cika da hotuna, ga kwamfuta da wuri fal a cikinta, tana shan wutar batir huɗu don aiki guda. Dillali kuwa ba ya ganin jaki da buhu ɗaya a baya ya ƙyale. Na kwashe duk abin da ke kyamarar na juye.

Hotunan ba na dabbobin sayarwa ne kaɗai ba. Ardo ya yarda in ɗauki bijimin da za a sayar, a ja shi gefe a ɗaure shi kaɗai. Amma ni in ina tafiya sai in ɗauki hanya, in ɗauki dutsen, in ɗauki mashaya, in ɗauki garken daga nesa in sun taso da yamma, don abin yana ba ni sha'awa. Haka na yi a rugage goma sha ɗaya da nake hulɗa da su. Kuma mu dillalai ba ma barin dabba babu shaida. Kowacce sai an shafa mata fenti an san ta wane ce, daga ina ta fito. Da wannan ɗabi'ar na shiga kwamfuta. Kowace ruga na buɗe mata foldarta, na rubuta ɗan bayani don kada in rikice: sunan mai ita, yadda ake zuwa, lokacin da ake samun mutane.

Da kuma yawan shanu. I, na ƙirga. Ban taɓa ɗaga yatsa na nuna ba, ban taɓa motsa baki ba, amma idon da ya shekara talatin a kara, kasuwar dabbobi, ba ya ganin garke ya ƙi lissafawa. Da a kaina abin yake tsayawa. Da na samu inda zan rubuta, sai na rubuta.

Wata ranar kasuwar Kurfi, ana cikin damina, bayan Azahar ina tsaye a kara muna ciniki, sai ga babban ɗan Ardo a kan babur. Magidanci ne mai natsuwa, kullum sai ya sauka ya durƙusa ya gaishe ni. Ranar ko injin bai kashe ba.

Ya ce, "Baffa na kira." Haka yake kiran mahaifinsa.

Na ce, "Lafiya dai ko?"

Ya ce, "Hau mu tahi."

Tun daga nesa na san ba lafiya ba. Babu mace ko ɗaya a rugar, babu yaro, babu ɗan maraƙi a turke. Ƙoren nono a kife a ƙasa, wata tukunya tana ta tafasa babu kowa a kanta. A gindin wata tsamiya ga mota da gilashinta a farfashe, ga mutum uku zaune a ƙasa, samari kusan ashirin sun kewaye su da sanduna. Ardo yana gefe a kan buzunsa, ya ɗora sanda a cinya.

Na yi sallama, ya amsa a taƙaice. Bai ce in zauna ba.

Ya ce, "Alhaji, baƙinka ne waɗannan?"

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Wallahi Ardo ban taɓa ganinsu ba."

Sai babban cikinsu, wani mai ƙiba da jini a gefen kunne, ya yunƙura ya ce, "Kai ne mai shafin shanu? Alhamdu lillahi! Alhaji, don Allah gaya musu mu ba ɓarayi ba ne. Ni ɗan kasuwa ne, mahauta nake kai wa shanu a Legas. Sayayya muka zo, ga kuɗinmu a mota."

Na ce, "Wa ya nuna muku hanyar nan?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ya ce, "Kai mana."

Ya zaro takardu daga aljihu ya miƙo. Hotuna ne aka buga a farar takarda. Na farko dutsen. Na biyu kukoki biyu da ake bi ta tsakaninsu. Na uku mashaya. Na huɗu garken Ardo gaba ɗaya suna gangarowa, rana tana bayansu. Ni na ɗauke su, har na tuna ranar.

Mutumin yana ta bayani, wai akawunsa ne ya danna hoton wani bijimi a shafina, ya goge ƙarshen adireshin hoton, sai ga jerin duk abin da ke cikin foldar ya fito, ruga bayan ruga. Su kuma suka ga ai gara su zo wurin masu shanu kai tsaye su huta da la'adar dillali. Suna isowa suka kira Ardo da sunansa, suka faɗi yawan shanunsa don a san da gaske suke. Jin haka mata suka kwashi yara suka shiga daji, samari suka kora garke, sauran suka yo kan motar. A shekarun nan an fara satar shanu a dazuzzukan yamma da mu, kowa a tsorace yake. Allah ne kawai ya sa Ardo yana gida, da an yi kisa.

Ardo ya miƙo hannu na ba shi takardun. Ya jujjuya su, ya tsaya a kan ta ƙarshe wadda rubutu ne zalla. Ba ya karanta boko. Ya maido mini ita.

Ya ce, "Karanta."

Na ce, "Ardo, mu koma gefe in yi maka bayani."

Ya ce, "A nan. Da ƙarfi, yadda kowa zai ji."

Na sha shiga wurare masu wuya a rayuwata. An taɓa tare ni a hanyar Kudu, an taɓa kifar da mota da ni a ciki. Ban taɓa jin abin da na ji a wannan tsayuwar ba. Na karanta abin da na rubuta da kaina:

"Ardo, bayan dutse, gaba da Birchi. A bi tsakanin kukoki biyu, a sauka rafi, a hau dama. Shanu ɗari da goma sha huɗu, manyan bijimai tara. Da hantsi maza duk suna kiwo, mata ne kawai a gida."

Layin ƙarshen nan don kaina na rubuta shi, don in tuna kada in ɓata tafiya da safe in tarar babu wanda za mu yi ciniki. Sai da na ji shi a bakina, a gaban mutanen da matansu ke ɓoye a daji a wannan lokacin, na gane yadda zai shiga kunnen wani. Wani saurayi ya yi salati. Wani ya buga sandarsa a ƙasa.

Ardo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗari da sha huɗu." Ya ƙara da cewa, "Ni da aka haife su a hannuna ban taɓa faɗin wannan da bakina ba."

Ya ce, "Mutum nawa suka karanta takardar ga?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Tun yaushe take inda ake ganinta?"

"Ban sani ba, Ardo."

Ya ce, "To je ka sano."

Ya sa aka sallami baƙin, aka ba su ruwa suka wanke jini. Ni ban ma tsaya ganin tafiyarsu ba. Ban san yadda na iso Dutsin-Ma ba. Na faɗa ɗakin nan na fizge duk wata waya da na gani a bango, fanka ta tsaya, fitila ta mutu. Matata ta fito da gudu tana cewa, "Lafiya? Majinyaciyar ce ta cika?" Da ta ga fuskata sai ta koma ciki.

Na aika aka kira Injiniya. Ina ganinsa na ce, "Na kashe ta. Shi ke nan ko? Babu mai ƙara gani?"

Ya saurari labarin har ƙarshe, ya zauna a kan buhun gishiri ya dafe kai. Sannan ya cire wayar eriya, ya kunna kwamfutar ita kaɗai, ya buɗe wani dogon rubutu da ban taɓa sanin akwai shi ba. Ashe tana rubuta duk wanda ya shigo da abin da ya buɗe. Ya yi ta gangarawa, yana gangarawa, rubutun ya ƙi ƙarewa.

Ya ce, "Wata bakwai ke nan foldar tana buɗe."

Na ce, "Su wa suka shiga?"

"Da yawa injuna ne, na kamfanonin da ke tattara shafuka don masu bincike. Waɗannan sun kwafi abin sun ajiye a wurinsu, kashe taka ba ya goge tasu, sai an bi an roƙa, kuma yana ɗaukar lokaci. Sauran mutane ne. Wasu daga ƙasar waje, wasu daga wayoyin ƙasar nan."

"Daga wane gari? Su wane ne?"

Ya ce, "Alhaji, lambobi kawai nake gani. Zai iya zama ɗalibi ne mai son kallon shanu. Zai iya zama wanda kake tsoro. Ba ni da hanyar sani."

Na ce, "Ashe ba rumbu ba ne."

Bai gane abin da nake nufi ba, ban kuma yi bayani ba. A cikin jerin har da hoton fasfona, da takardun gonata, da hotunan iyalina na Sallah. Ko a jikina. Rugage sha ɗaya nake gani.

Injiniya mutumin kirki ne, bai ce "ai na gaya maka" ba. Cewa ya yi shi ma da laifinsa. Akwai wani ɗan saiti da ake rufewa don kada jerin folda ya fito, kamfanonin haya galibi a rufe suke ba da shi, shi kuma da ya haɗa tawa bai duba ba. Ya ce, "Can akwai masu gadi da aikinsu ke nan. A nan ni da kai ne masu gadin, ni ina shago, kai kana kara."

Washegari da sassafe na koma wurin Ardo na faɗa masa duka, ban rage ko ɗaya ba. Wata bakwai. Ba a san ko su wa ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, har da sauran rugage goma.

Ya ji ni har na gama. Sannan ya ce, "Ba ni zan gaya musu ba. Kai za ka bi su ɗaya ɗaya, ka karanta wa kowa tasa kamar yadda ka karanta mini."

Kwana uku muna yawo a babur ni da babban ɗansa. Wani ya tashi ya bar ni zaune ban gama ba. Wani ya ce in sake karantawa, na sake, ya ce in sake. Wani tsoho ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ƙirgen naka ma ba daidai ba ne." Bai ce na ƙara ko na rage ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya.

Kafin sati ya cika Ardo ya tashi. Ana tsakiyar damina, geronsa ya fara fitar da kai, ga rijiyar da ya haƙa da hannunsa, ga kabarin iyayensa a gindin dutsen. Wurin da ya zauna tun kafin in san shi. Na je na roƙe shi ya dakata a girbe, ya ce ba zai kwana yana sauraren ƙarar kowane babur ba. Na ce to bari in kawo tirela biyu a kwashe mata da kaya da ƙananan dabbobi, ni zan ɗauki nauyi.

Ya ce, "Direba ma yana da ido."

Na tsaya ina kallo ana ɗaure ƙore a bayan jakuna, mata suna wucewa ta gabana babu mai dubana, matan da shekara da shekaru suke dama mini fura. Da aka gama shiri, babban ɗan ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Alhaji, Baffa ya ce ka kama hanya tukuna, sannan mu tashi." Ba sa so in ga inda za su fuskanta. Na hau babur na tafi, ban waiwaya ba.

Rugage huɗu suka bi shi. Sauran suka zauna. Shekarar da ta biyo baya aka kore wa ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna shanu. A lokacin ana korewa a wurare da yawa da ba su taɓa shiga kwamfutar kowa ba, kuma mai shanun bai taɓa ɗora mini ba. Amma ni har gobe ban sani ba, kuma babu wanda zai iya gaya mini.

Shafin na mayar da shi hannun kamfanin haya, ina biya duk shekara ba tare da na buɗe baki ba. Dabbar sayarwa kawai ake ɗauka, a jikin farin bango a gidana, babu itace babu dutse a bayanta.

Don haka kai da ka yi tambaya, amsata ita ce: ana iya yi, na yi, ya kuma yi aiki. Wahalar wuta da zafi duk masu sauƙi ne, kuɗi ke maganinsu. Abin da ban gane ba shi ne, ranar da ka ajiye shafi a kwamfutar gidanka, ka fasa wata ƙofa ce daga ɗakinka zuwa titin da duk duniya ke bi, kuma kai ne mai gadinta ko ka iya gadi ko ba ka iya ba. Ni na ɗauka hayar ɗaki nake biya, ashe har da ladan masu tsaron ƙofa. In ka san aikin, ko kana da wanda zai riƙa dubawa kullum, bismilla. In irina ne kai, mai ganin wuri a buɗe ya ce bari in ƙara kaya, biya hayarka ka yi barci. Sannan ban ɗora wa na'ura laifin duka ba. Ita abin da na ba ta ta nuna. An ce kada in ƙirga, na ƙirga.

Ardo ya yi shekara guda bai aiko mini ko akuya ba. Daga baya ya fara turo dabbobi, amma a bakin hanya ake kawo su, gindin wani marke, a yi ciniki a rabu. Muna gaisawa a waya, yana tambayar iyali, ina tambayar garke, ya ce lafiya lau. Haka muka yi shekaru.

Bara waccan aka yi wa babban ɗansa haihuwa, sai ga saƙo wai Baffa ya ce in zo suna. Na rasa inda zan sa kaina don murna. Na sayi turmin atamfa da goro da buhun gishiri, na isa gindin marken tun da hantsi. Akwai wasu baƙin 'yan gari su biyar da su ma aka gayyata, wani malamin dabbobi da 'yan kasuwa, muka tsaya tare muna jiran masu babura.

Da suka iso, uban jaririn ya sauka ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda yake yi a da. Sannan ya kwance wata 'yar ƙwarya daga bayan babur, ya miƙo mini da hannu biyu, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Baffa ya ce a aje wayarka a nan, in za ka koma a ba ka."

Na ciro ta na sa. Ya rufe da faifai ya ba wani ya riƙe. Na tsaya ina jira ya zagaya wurin sauran baƙin, sai na ga ya koma ya tada babur. Su biyar ɗin suka hau da wayoyinsu a aljihu, ɗaya ma yana amsa kira.

Tawa ce kaɗai a cikin ƙwaryar. Na hau bayansa muka tafi, kuma wallahi da ni ne Ardo, haka zan yi.